Sitikar Mansour a Ƙahon Ragon Kawu

Ni na buga sitikar, kada wani ya riga ni faɗa. Sunana Tahirou, shagona yana Guéma a nan Parakou. Ina buga katin biki da allon shago da hotunan 'yan takara, kuma duk abin da ka kawo min, in dai ba zagin iyayen wani ba ne, zan buga maka shi tsaf. To da hannun nan nawa na buga guda ɗari biyar, rawaya mai ƙyalli da baƙin rubutu: Powered by Mansour.

Mansour ɗan kawuna ne, marigayi Mahamadu. Taubashina ne ke nan, ina da izinin tsokanarsa tun ranar da aka raɗa masa suna, kuma ban taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. Wata bakwai ya yi a Legas. Wata bakwai kacal! Akwai waɗanda suka shekara talatin a can suka dawo da hankalinsu cikakke, shi kuwa ya dawo mana da tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya, da baƙin tabarau, da kalmomin Turanci guda biyu da ya tsinto a jikin allunan titi.

Ranar da ya kawo aikin na ce masa, "Mu rubuta grâce à mana. Ko albarkacin Mansour, kowa ya karanta ya gane."

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Kai dai baƙauye ne, Tahirou. Grâce à Faransancin 'yan lakwal ne, 'yan boko da ma'aikatan ofis. Albarkaci kuma ta maroƙa. Wannan ita manyan kamfanoni suke sawa. Ma'anarta, ba don ni ba da abin nan bai tashi ba."

"To me ka tayar?"

"Buga dai, za ka gani."

Na kuwa gani. Mansour yana neman shugabancin ƙungiyar direbobin layin Parakou zuwa Djougou, zaɓe kuma bayan Babbar Sallah. Ya sayi buta biyu ya kai masallacin tasha, sai ga butoci tara duk sun kwana da sitika. Bencin da fasinjoji suke zama tun ina yaro, ya buga masa ƙusa ɗaya, ya manna. An yi suna a gidan wani direba, ya kai ƙwaryar goro, kafin a shafa fatiha sunansa ya hau jikin rumfa, har wata tsohuwa take tambaya ko jaririn ne aka sa wa Mansour. Mai shayin tasha ya juya baya zai ɗauko madara, ya waiwayo ya tarar da tukunyarsa ta koma ta Mansour, don kawai jiya ya ara masa ashana. Mutane suna dariya, ni ma ina yi, ina kuma jin daɗi a raina don aikina bai taɓa yawo a gari haka ba.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Kawu Moumouni, don a kansa dariyar ta ƙare.

Shi ne babban wan mahaifiyata, kuma wan mahaifin Mansour. Gidansa yana Djougou, tsohon gidan kakanninmu, inda ayarin goro yake sauke kaya tun zamanin jakuna. Ni na tashi na ga Kawu da manyan motoci uku suna ɗauko masa goro daga Gana. Shekara goma sha biyu ke nan komai ya tafi: mota ɗaya ta kife, goron wata ya ruɓe a kan iyaka, ta ukun aka sayar, idonsa kuma ya fara rauni. Abin da ya rage masa shi ne babbar riga guda ɗaya, shuɗiyar shadda mai aiki har ciki, da zaure wanda ake shafa wa farar ƙasa duk shekara. Bayan zauren kuwa gida yana zubewa ɗaki ɗaki. Ba a wuce zauren nan. Kullum bayan La'asar zai sa rigarsa ya zauna a dakali, masu wucewa su durƙusa su gaishe shi, masu rigimar gado da ta aure su kawo ya raba. Duk unguwa an san ba shi da ko sisi, kuma duk unguwa ba wanda ya taɓa nuna ya sani. Haka muke yi a gidajenmu na Djougou, in babba ya faɗi sai kowa ya kau da ido har ya gyara zama.

Sai maganar ragon layya. Mahaifiyata, Inna Iyatu, doya da wagashi take soyawa a tashar Parakou, cukun Fulanin nan da fasinjoji ba sa wucewa ba su saya ba. Duk shekara ita take sayen rago a wurin wani Bafulatani mai suna Illiyasu a Pélébina. Saura kwana biyu Sallah, Illiyasu zai ɗauro shi a babur ya kawo ƙofar Kawu ya ce, "Alhaji, ga ragon da ka zaɓa." Kawu zai tashi ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya matsa gadon bayansa, ya ɓata rai ya ce, "Illiyasu, anya wannan ne? Wanda na zaɓa ya fi shi wuya." Illiyasu ya rantse shi ne. Ranar Sallah Inna ta zo daga Parakou ta zagaya rago ta ce, "Kai, Yaya, bana ka iya zaɓe." Shi kuma ya sa a cire mata cinya guda, ta karɓa hannu bibbiyu tana godiya. Cinyar ragonta! Shekara goma sha biyu suna wannan, ita ta san ya sani, shi ya san ta san ya sani, kuma ko da wasa maganar ba ta taɓa fita daga bakin ɗayansu ba.

Bana Illiyasu ya faɗi a babur ya karye a ƙafa. Inna ta kira ni ta ce in je Pélébina da kaina in ɗauko ragon, in sami wani ɗan'uwan Illiyasu ya kai shi kamar yadda aka saba. Ni kuwa aiki ya yi min yawa, katunan barka da Sallah sun taru, injina yana tari. Sai ga Mansour ya shigo karɓar ragowar sitikarsa, yana cewa gobe zai tafi Djougou bayan motarsa fayau. Ai sai ƙiwa ta raɗa min a kunne. Na ja shi gefe na gaya masa komai, Allah ya yafe wa bakin nan nawa. Na ce ya ɗauko ragon, ya sauke shi a bayan gari, ya bar ƙanin Illiyasu ya ƙarasa da shi, kuma ya rufe bakinsa ruf.

Ya dafa ƙirji. "Haba taubashi, Babana ne fa. Ka bar min komai."

Washegari da yamma ina cikin yankan kati wayata ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Bidiyo ne a zauren WhatsApp na dangi, Mansour da kansa ya tura.

Ga ragon Inna a tsaye a bayan bashe, an ɗaura masa ƙyallen rawaya kamar angon da aka yi wa dole. Sitika a ƙahon dama, sitika a ƙahon hagu, wata a tsakiyar goshi. 'Yan zem huɗu, masu baburan haya, suna gaba suna ta hon. Sau biyu suka zaga kasuwar Djougou, sannan suka miƙe sai ƙofar Kawu, daidai lokacin da dattawan unguwa suke zaune kewaye da shi. Mansour ya diro, ya gyara tabarau, ya tabbatar mai ɗaukar hoto ya samo shi da kyau, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji:

"Baba, ga naka na bana! Daga yau ka daina jiran mai suyar doya kafin ka yi layya. Ɗanka ya tsaya maka!"

Man fetur kaɗai ya zuba a cikin ragon nan, jama'a. Man da ko babu rago sai ya ƙona shi.

A bidiyon Kawu bai motsa ba. Carbinsa ne kawai ya tsaya. Dattijon da yake damansa ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi, wani ya tashi wai zai kama ruwa. Ragon ne kaɗai ya yi magana.

Na ruga tasha don in riga wayar isa wurin Inna, amma ta riga ni. Na same ta ta janye itace daga murhu, ga doya rabin soyuwa a cikin mai, ga mutane suna jira. Wallahi na so ta ɗauki ludayi ta kwaɗa min. Ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, "Wa ya buga masa takardar?" Na ce ni. "Wa ya gaya masa?" Na ce ni. Ta gyaɗa kai, ta fara haɗa kwanukanta.

Da safe ni da ita muka hau mota sai Djougou. Muka tarar da rago ɗaure a gindin dalbejiya yana ƙoƙarin goge goshinsa a jikin itacen. Kawu yana zaure. Mansour ya bar masa ƙunshin sitika guda a kan tabarma, wai a raba wa jama'a.

Bayan gaisuwa Kawu ya zaro ɗaya ya kawo ta dab da idonsa. "Tahirou, an ce aikinka ne. Ya yi kyau, ba ya kama ƙura. Karanta min."

Na karanta masa.

"Da Hausa fa?"

"Wato... da ƙarfin Mansour abin ya samu, Kawu. Ba don shi ba da bai yiwu ba."

"Ikon Allah," in ji shi. "Mu da can da ikon Allah muke cewa. Ashe an samu canji." Ya juya ta ya duba bayanta. "Tana kama tufa?"

Na ce tana kamawa.

"Bango fa?"

"In an goge shi."

"To madalla. Tashi ka samo tsumma."

Ya miƙe ya buɗe ƙofar cikin gida, ya tokare ta da dutse. Rabon da in ga ƙofar nan a buɗe da rana tun ina makarantar allo. Na bi shi da tsumma, ina gogewa yana mannawa. Katangar da ta zube tun damina uku, ya sa na goge guntun da ya rage a tsaye. Robobi huɗu da ake tara wa yoyo a ɗakinsa, kowace ta samu tata. Buhun masara da babu komai a ciki sai ƙaiƙayi. Zanar da ta maye gurbin ƙofar bayan gida. Takardar maganin ido da likita ya rubuta tun bara ba a saya ba, ya lallaɓa ta a bango ya danne da sitika. Inna tana biye da mu tana cewa, "Yaya, don Allah. Yaya, don girman Allah." Ko waiwayowa bai yi ba.

Ranar Sallah da safe ya fito. Na ɗauka zan ga shuɗiyar shadda, sai na ga jallabiyar da yake kwana da ita, wadda ta ci faci har ba a gane asalin launinta, da silifa ƙafa ɗaya ja ƙafa ɗaya kore. A ƙirjinsa ga rawaya tana ƙyalli. Haka ya taka har filin Idi, ya ratsa sahu ya zauna a na farko inda ya saba. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya nuna ƙirji ya ce, "Ka gani? Aikin ɗana ne. In an sauko ku biyo gida ku ga sauran."

Suka kuwa biyo. Dattawa sun ƙi, suka tsaya a waje suna salati, amma matasa da mata da 'yan kallo ai sai da gidan ya cika. Direbobin layi da suka zo Sallah gida su ma suka shiga, waya a hannu. Kawu yana gaba yana yi musu jagora kamar mai nuna sabon gini. "Nan ɗakin baƙi ne, ku yi hankali da azara. Wannan robar ta fi sauran ƙoƙari, ita take gadin kaina. Ga sunan mai aikin nan a jiki, ku ɗauka da kyau, kada hoton ya yi duhu."

Kafin azahar hotunan sun isa Parakou sun dawo. Mansour ya iso a guje, babu tabarau, ya zube a gaban Kawu a tsakar gida.

"Baba, don Allah a cire. Wallahi ba haka nake nufi ba."

"Me za a cire, ɗana? Ba kai ka ce ba don kai ba da ban tashi ba? To ga yadda na tashi. Ai bai kamata a ɓoye alherinka ba."

"Mutane za su ce na bar ka a wulaƙance!"

"Ni ban ce ba. Ni ko karatun ban iya ba, Tahirou ne ya karanta min."

Zan faɗi gaskiya, a wannan lokacin daɗi ya kashe ni. Na jingina da guntun katanga ina dariya har da hawaye, ina kallon taubashina yana bin robobi yana ƙanƙarar sitika da farce. Ban san aikina yana da ƙarko haka ba, ko ɗaya ba ta fita lafiya ba. Ina cikin dariyar ne Kawu ya sa aka jawo rago tsakiyar gida, ya karɓi wuƙa, sannan ya kira Inna da sunanta a gaban kowa.

"Iyatu, matso. Ragonki ne, da sunanki zan yanka."

"Yaya, naka ne. Kai ka zaɓa..."

"Ban zaɓa ba. Ban taɓa zaɓa ba. Shekara goma sha biyu kina tsaye a bakin wuta ina cin nama da sunana. Na gode, Iyatu. Allah ya saka miki."

Tun da nake ban taɓa ganin an yi wa mutum godiya ya ji ciwo irin haka ba. Inna ta toshe baki da mayafi ta durƙushe a wurin. Ita da ta binne miji da 'ya'ya biyu ban ji muryar kukanta ba, ranar har maƙwabta sun ji. Kawu ya yi bismilla ya yanka. Da aka gama fiɗa ya wanke hannu ya ce mata, a hankali, in za ta fitar da kason mabuƙata ta tuna da shi. Dariyata ta tsaya min a wuya, har yau ba ta gama sauka ba.

Zaɓe kuwa, Mansour ƙuri'a uku ya samu, kuma an san biyu daga ciki, tashi da ta yaron motarsa. Ta ukun har yanzu ana bincike. Yanzu a hanyar Parakou zuwa Djougou, in direba ya ga mota ta mutu a gefen titi an buɗe mata baki, sai ya leƙo ta taga ya yi ihu, "Powered by!" Butocin masallacin tasha duk an ƙanƙare su da reza. Bayan mako biyu aka wayi gari da buhunan siminti da kwanon rufi a ƙofar Kawu babu suna a jiki, kuma wannan ne karo na farko da Mansour ya yi abu bai sa hannu ba. An gyara katanga, an rufe ɗaki. Kawu bai hana ba, bai kuma tambayi daga ina ba.

Inna ta ɗauko shuɗiyar shaddar ta kawo Parakou, ta wanke, ta kai aka buga mata ita har tana ɗaukar ido. Wata Juma'a ta ba ni ta ce in kai masa, ita ba za ta iya ba. Na same shi a dakali bayan La'asar cikin jallabiyar nan, ya cire sitikar amma gurbinta ya bar tabo mai kusurwa huɗu a ƙirji. Dattawa biyu ne kawai a wurin, su ma hirar ba ta tafiya. Na durƙusa na miƙa masa rigar. Ya shafa aikin wuyanta da yatsa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya mayar min.

"Kai wa uwarka ta ajiye. Me ya rage da za ta rufe?"

Ina nan durƙushe da riga a hannu sai ga Rashid mai kayan babur ya biyo ta layin. Kawu ne ya raba su rigimar gado da 'yan'uwansa shekara huɗu da suka wuce, kuma tun daga nan in zai wuce sai ya cire takalmi tun daga gindin dalbejiya. Ranar bai cire ba. Ya tsaya a tsaye, da fara'arsa da kyakkyawar niyyarsa, ya laluba aljihu ya kamo hannun Kawu ya danƙa masa 'yan silalla.

"Baba, a sha koko."

Kawu ya buɗe tafinsa ya kawo shi kusa da ido ya duba. Na jira ya watsa masa su a fuska, wallahi na jira. Sai ya rufe hannun a hankali ya sa a aljihun jallabiya.

"Allah ya amfana," in ji shi.